Darasin balan-balan ɗin Sin ga tsaron gaɓar Kainji

Mai karatu zai iya tuna dambarwar da ta tashi a watan Fabrairun 2023, lokacin da wani ƙaton balan-balan na ƙasar Sin ya ratsa samaniyar Amurka, ya bi ta Alaska da Kanada da jihar Montana yana shawagi a nisan kimanin ƙafa 60,000 daga ƙasa. Mahukuntan Sin sun ce na binciken yanayi ne da iska ta kwashe, Amurka kuwa ta ce na leƙen asiri ne. Ranar 4 ga watan, jirgin yaƙi samfurin F-22 ya kakkaɓo shi da makami mai linzami a gaɓar tekun Karolina ta Kudu.

A ganina, harbin ba shi ne abin lura ba. Janar Glen VanHerck, wanda ke jagorantar rundunar tsaron samaniyar Arewacin Amurka a lokacin, ya amsa cewa irin waɗannan balan-balan sun sha wucewa a baya ba tare da an gan su ba. Dalili kuwa shi ne an saita na'urorin rada su farauci abin da ke gudu, wato jirage da makamai masu linzami, su kau da kai daga duk abin da ke tafiyar hawainiya. Da aka sake saitin, sai aka shiga ganin komai. Cikin kwana uku, daga 10 zuwa 12 ga Fabrairu, aka harbo wasu abubuwa uku, waɗanda daga bisani Shugaba Joe Biden ya ce da alama na kamfanoni ne ko masu bincike ko 'yan sha'awa. Ke nan da fari an kasa gani, daga baya kuma an yi harbi kafin a tantance.

To, ina ruwan mutumin Yauri ko Ngaski ko Shanga da wannan? Ruwansa kuwa har da tsaki, domin cututtukan nan biyu su ne ke cin mu, illa dai tamu barazanar a kan babur take zuwa. Ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka suka kwashe ɗalibai da malamai, kuma wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka ga iyayensu. A Nuwamban 2025 aka maimaita irin wannan ta'asa a makarantar Papiri da ke ƙaramar hukumar Agwara, a tsallaken kogi. Wannan kuwa ya faru ne alhali akwai sansanin sojin sama a Kainji, inda aka girke jiragen Super Tucano 12 da Nijeriya ta karɓa daga Amurka a 2021. Abin tambaya a nan shi ne, yaya ayarin babura zai keta daji na sa'o'i ba wanda ya hango shi?

Amsar tana cikin bambancin jirgi da balan-balan. Jirgi yakan zo ya zaga, mansa ya ƙare ya koma, kuma ƙararsa kan riga shi isowa. Balan-balan kuwa ba ya ƙara, ba ya shan mai, yana iya daɗewa a sama ɗauke da kyamara da na'urorin sauraro. Akwai ma wanda ake ɗaurewa da igiya a sansani, irin waɗanda Amurka ta yi amfani da su a Afganistan da kan iyakarta da Meziko. Shi ya sa nake ganin ya kamata Rundunar Sojin Sama da gwamnatocin Kebbi da Neja su gwada girke irinsu a mashigun ruwa da bakin dajin Kainji. Kuɗinsu bai kai na jirgin yaƙi ba, ko da yake guguwar damina da hazon hunturu kan rage amfaninsu.

Sai dai kuma gani ba shi ne sani ba. Ranar 3 ga Disamban 2023, jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya hangi taron Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, aka ɗauke su 'yan bindiga, aka hallaka mutane fiye da 80. Amurka ta yi asarar makamai ne kawai a kuskurenta, mu kuwa rayuka muka binne. Kyamarar da ke sama ba za ta bambance masunci da ɗan ta'adda ba, ko 'yan kasuwar Warra da ayarin ɓarayi, sai an haɗa hotonta da bayanin dagatai da masu jiragen ruwa da suka san wa ke shiga, wa ke fita.

Don haka kirana ga mahukunta shi ne, kafin a sake ware biliyoyi don sayen abin harbi, a fara samar da idon da ba ya barci, da mutanen da za su tantance abin da ya gani, da dakarun da za su isa wurin kafin a ƙetare da 'ya'yanmu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.