SHARHI: Yaƙin Libiya da tabon da ya bari a tarihin mulkin Obama

A watan Afrilun 2016, saura wata tara ya bar mulki, gidan talabijin na Fox ya tambayi Barack Obama kuskure mafi muni da ya tafka a matsayin shugaban Amurka. Sai ya ambaci Libiya: rashin yin tanadin abin da zai biyo bayan kifar da Mu'ammar Gaddafi. Amma ya ƙara da cewa shiga yaƙin shi kansa daidai ne. A kan wannan rarrabewa magoya bayansa da masu sukarsa suke ja-in-ja har yau. Shin ana iya cewa yaƙi ya halatta alhali wanda ya ƙaddamar da shi bai san inda zai tsaya ba?

Masu kare Obama suna da abin nunawa. Tun a 2002, yana ɗan majalisar jihar Illinois, ya fito fili ya soki shirin mamaye Iraƙi. Da ya hau mulki ya kwashe sojojin Amurka daga can a Disambar 2011, ya kafa dokar inshorar lafiya a 2010, ya ƙulla yarjejeniyar nukiliya da Iran a 2015, a shekarar kuma ya maido da hulɗar jakadanci da Kyuba. A ganinsu, mai irin wannan tarihi ba mai ƙishirwar yaƙi ba ne, tilas ce ta kai shi Libiya.

Hujjar da aka kafa

A Fabrairun 2011 bore ya ɓarke a Bangazi, birni mafi girma a gabashin Libiya. Kafin tsakiyar Maris dakarun gwamnati sun ƙwato garuruwa da dama sun doshi birnin, Gaddafi kuma yana barazanar bin 'yan tawaye gida-gida. Masu goyon bayan ɗaukar mataki a gwamnatin Obama, irin su Hillary Clinton da Susan Rice da Samantha Power, suna tuna Ruwanda, inda aka kashe kimanin mutum 800,000 a 1994 duniya tana kallo. Sakataren tsaro Robert Gates da mataimakin shugaban ƙasa Joe Biden kuwa ba su so a shiga ba.

Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta nemi a haramta shawagin jiragen yaƙi a samaniyar Libiya. Ranar 17 ga Maris Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya ba da izinin amfani da ƙarfi don kare fararen hula. Ƙasashe 10 suka amince, Rasha da Chaina da Jamus da Indiya da Brazil suka ƙaurace. Ta wannan fuska yaƙin Libiya ya bambanta da mamayar Iraƙi ta 2003, wadda ba ta samu irin wannan izini ba.

Inda aka saki layi

Ƙudurin bai ambaci sauya gwamnati ba. Obama da bakinsa, a jawabinsa na 28 ga Maris, ya ce faɗaɗa aikin sojan zuwa kifar da gwamnati kuskure ne. Ba a cika mako uku ba sai ga wata maƙala da ya sa wa hannu tare da David Cameron na Birtaniya da Nicolas Sarkozy na Faransa, suna cewa babu makomar Libiya muddin Gaddafi yana kan karaga. Daga nan jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO suka zama tamkar rundunar saman 'yan tawaye, har zuwa 20 ga Oktoba, ranar da aka kai wa ayarin Gaddafi hari ta sama a Sirte, 'yan tawaye suka kama shi suka kashe.

Akwai wata hanya da aka ƙi gwadawa. Tarayyar Afirka ta kafa kwamitin shugabanni biyar, ciki har da Jacob Zuma na Afirka ta Kudu da Amadou Toumani Toure na Mali, da shawarar tsagaita wuta da tattaunawa. Gaddafi ya ce ya amince a watan Afrilu, 'yan tawaye suka ƙi, domin shawarar ba ta gindaya saukarsa ba. Alƙawarin Gaddafi abin shakka ne, amma wanda jiragen NATO ke yi wa yaƙi ba shi da dalilin zama teburin sulhu.

A cikin gida ma an tafka taƙaddama. Wata dokar Amurka ta 1973 ta wajabta wa shugaban ƙasa neman izinin majalisa idan faɗa ya wuce kwana 60. Gwamnatin Obama ta ce abin da take yi a Libiya bai kai a kira shi faɗa ba, tunda babu sojanta a ƙasa. Sannan a Satumbar 2016 kwamitin harkokin waje na majalisar dokokin Birtaniya ya fitar da rahoto cewa an zuzuta barazanar da fararen hula ke fuskanta, kuma ba a tantance masu tsattsauran ra'ayi da ke cikin 'yan tawayen ba.

Waɗanda suka girbi abin da ba su shuka ba

A Satumbar 2012 aka kashe jakadan Amurka, Christopher Stevens, a Bangazin da aka je ceto. A 2014 ƙasar ta rabu tsakanin gwamnatoci biyu, a 2015 ƙungiyar IS ta kama Sirte, har Obama ya sake tura jirage a 2016. Zaɓen da aka tsara yi a Disambar 2021 bai yiwu ba.

Maƙwabta na kudu sun ɗanɗana kuɗarsu. Mayaƙan Abzinawa da suka yi wa Gaddafi aiki suka koma Mali da makamansu, tawaye ya tashi a Janairun 2012, sojoji suka kifar da Toure a watan Maris, Kidal da Gao da Tambutu suka faɗa hannun 'yan tawaye da masu iƙirarin jihadi. A 2017 rahoton CNN ya nuna ana gwanjon bakin haure a Libiya kamar bayi, dubban 'yan Najeriya aka kwaso daga can. Marigayi Muhammadu Buhari ya sha danganta kashe-kashen Najeriya da makamai da mayaƙan da suka kwararo daga Libiya.

Sai dai adalci ya hana a ɗora wa Obama komai. Rikicin Boko Haram ya ɓarke tun Yulin 2009, kuma ƙungiyar ta samu makamai masu yawa daga barikokin da ta fasa a cikin gida. Rushewar Libiya ta ƙara wa wutar fetur, amma ba ita ta kunna ta ba. Haka kuma Siriya, inda Obama ya ƙi kai wa gwamnatin Assad hari a 2013, ta nuna cewa zura ido ma yana da nasa gawawwakin.

Hannun Najeriya a ciki

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Najeriya tana cikin ƙasashe 10 da suka ɗaga hannu, tare da Afirka ta Kudu da Gabon. Ƙuduri yana buƙatar ƙuri'a tara kafin ya wuce, don haka da ƙasashen Afirka biyu sun ƙaurace da bai wuce ba. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta kuma amince da majalisar 'yan tawaye a Agustan 2011, kafin Tarayyar Afirka. Dama akwai jiƙaƙƙa, domin a 2010 Gaddafi ya ba da shawarar a raba Najeriya, har Abuja ta janye jakadanta.

Darasin ya dawo gida a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ECOWAS ƙarƙashin Bola Tinubu ta ba sojoji wa'adin kwana bakwai su maido da Mohamed Bazoum ko su fuskanci ƙarfi. Hujjar tana da kyaun ji, wato kare dimokuraɗiyya. Amma Majalisar Dattawa, wadda sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya ba ikon amincewa kafin a tura soja yaƙi waje, ta nemi a bi hanyar sulhu. Jihohi bakwai na Arewa ke iyaka da Nijar, kuma babu wanda ya bayyana musu wa zai riƙe Yamai washegarin nasara.

Ba a raba halaccin yaƙi da tanadin ƙarshensa, domin shugaban da ya rushe hukuma ya ɗauki nauyin mutanen da ke ƙarƙashinta. Obama ya cancanci yabo a kan Iran da Kyuba da lafiyar talakan Amurka, kuma ya yi abin da shugabanni kaɗan ke yi da ya amsa kuskure. Amma a Libiya izinin kare Bangazi aka ba shi, shi da abokansa suka kifar da gwamnati da shi, suka tafi suka bar mutanen Tarabulus da Tambutu da biyan bashin.