KIWON LAFIYA: Tsohuwar da ta ruɗe ba mayya ba ce

Kusan kowane gari akwai irinta. An ɗauke akushi ke nan, ta ce tun jiya ba a ba ta tuwo ba. Tana kiran jikanta da sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa. Cikin dare ta fice, a tsince ta ƙofar gidan wani, sai magana ta tashi: wai mayya ce, wai iskoki ne. Yara su bi ta da jifa. Wani gidan ma a sa mata mari a ƙafa.

Jama'a, wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma yana kama maza da mata. Wani lokotoro Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana irin da ya fi yawa a cikinsa tun 1906. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce masu ciwon sun wuce miliyan 55. Hawan jini da ciwon suga da aka bari ba magani suna buɗe masa hanya.

Sai dai a lura, ruɗewa iri biyu ce. Mai zuwa sannu a hankali, shekara da shekaru, har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Amma tsohon da yake lafiya lau jiya, yau ya wayi gari bai san inda yake ba, a kai shi likita ranar nan. Sau da yawa masassara ce, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, kuma ana warkewa. Haka tsohon da ya daina ci, ya daina hira bayan mutuwar matarsa: baƙin ciki mai tsanani shi ma ciwo ne mai magani. Idan abin ya fi ƙarfin likitar gari, babban asibitin Yamai yana da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa.

A gida, kar a yi gardama da ita. In ta ce ba ta ci ba, a ba ta ɗan fura. A miƙa mata ruwa ko ba ta roƙa ba, a rufe rijiya, a nisanta ta da murhu, a bar tabarmarta inda ta saba. Ta riƙa ɓarar gujiya cikin mutane. Maigari da liman su shaida wa gari halin da take ciki, don wanda ya gan ta a hanya ya maido ta.

Nauyin kuwa galibi kan mace guda yake faɗawa, ɗiya ko suruka, ga daka ga ɗiban ruwa. Ƴan'uwa su riƙa karɓarta, ko da kwana guda ne a mako.