Kullen Kano da tukunyar talaka

Ranar 27 ga Afrilu, 2020, azumi bai cika mako ba, Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Kano ruf na mako biyu saboda korona. Dalilin ba ƙarami ba ne. Masu haƙa kabari sun riga kowa lura da yawan gawarwaki, daga baya kuma ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an samu mace-mace 979, mai yiwuwa rabinsu ko fiye na da alaƙa da cutar.

Amma Kano gari ne na a fita a samo. Da aka garƙame kasuwannin Kantin Kwari da Singa, ɗan dako da mai shayi da direban adaidaita sahu suka wayi gari ba na cefane. Gwamnatin jiha ta buɗe Litinin da Alhamis don sayayya, jama'a suka yi dafifi a kasuwanni, cunkoson da ake gudu ya dawo.

Ra'ayin wannan jarida shi ne kullen ya dace, shirinsa ne ya gaza. Kamata ya yi hatsi ya riga dokar isa unguwanni, ta hannun masu unguwa da suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba.