Ku fitar da janareta daga lungun gida kafin ruwa ya kankama



A zamanmu na ƙarshe na tayar da maganar shirin damina, sai wani dattijo ya ce min, "Sakatare, ɗauke wuta ai ba baƙon abu ba ne a Legas." Gaskiya ne Baba. Amma ni abin da muke yi idan duhun ya daɗe shi ke hana ni barci.

Kowa ya san Yuni da Yuli a garin nan. Iska ta kayar da turken wuta, ko ruwa ya shiga taransifoma, unguwa ta yi kwana huɗu, wani lokaci mako guda, babu ko ƙyalli. Daga nan sai a jawo janareta cikin lungun da ke tsakanin ɗakuna, a tayar, a rufe ƙofar gida, kowa ya kwanta da iyalinsa. Ka tambayi mai shi dalili, ya ce maka ɓarayi ne, ko ruwa zai dake shi. Wato injin ya fi yaran da ke barci a bayan wannan ƙofa daraja ke nan?

A cikin hayaƙin janareta akwai iskar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Wanda ya shaƙe ta yakan fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa mu kan ce zazzaɓi ne, a sha magani a koma a kwanta. Mai barci kuwa ba ya ma farkawa. Gari ya waye a fasa ƙofa, sai ka ji ana cewa guba ce a abinci, ko aikin maƙiya, ko kwana ne ya ƙare. Kwana na ƙarewa, babu musu, amma wa ya shigo da injin?

Kada a ce matsalar talaka ce. A Fabrairun 2021 guguwar dusar ƙanƙara ta afka wa jihar Teksas ta Amurka, gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4 suka rasa wuta. Hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka mutu. Da yawa sanyi ne ya kashe su, amma akwai waɗanda hayaƙin janareta, ko na mota da aka tayar a cikin gareji, ko gawayin da aka hura a ɗaki ya tafi da su. Masu gasa tsire da masu shayi da ke shigar da garwashi ɗaki a daren ruwa, har da ku nake.

Wurin janareta waje ne, kamar mita 6 daga ƙofa da taga, salansa na kallon nesa da gida. Maganin ɓarawo da ruwa keji ne na ƙarfe mai rufin kwano da kwaɗo, iska na ratsa shi ta ko'ina. 'Yan haya biyar za su iya haɗa kuɗin walda. Mai gidan da ya hana fili a zauna da shi tun yanzu. Jarkar fetur ma ta bar ƙarƙashin gado, kuma ba a zuba mai sai inji ya huce.

Sauran shirin ba ya buƙatar dogon bayani. A tara ruwa, tunda famfon burtsatse da wuta yake aiki. Fitila mai caji ta maye gurbin kyandir. Firji idan ba a buɗe shi yakan riƙe sanyi kamar awa huɗu. A ja wa yara kunne kan wayar wuta da ta faɗi cikin ruwa.

Idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda alhali inji na aiki, a fita da su waje, a kashe shi, a nufi asibiti. Gidan da na shiga na tarar da janareta a lungu, zan kawo maganarsa gaban dattawa a zama mai zuwa, ko da gidan abokina ne.