Haihuwa Ba Laifi Ba Ce

Ya ku 'yan'uwa malamai, a 'yan shekarun nan 'ya'yanmu mata da ƙannenmu, har da wasu abokan aikinmu da suka ajiye alli, suna tururuwar neman aiki a sababbin kamfanonin fasaha masu tasowa. Kuma shawarar da muke ba su guda ce: "Kada ki ambaci aure, kada ki ɗauko zancen ciki, ki bari sai kin samu shiga." Wannan shawara kuskure ce, kuma lokaci ya yi da za mu daina ba da ita.

Masu waɗannan kamfanoni suna cewa jarinsu kaɗan ne, ma'aikatansu ba su wuce cikin cokali ba, don haka ba za su iya ɗaukar nauyin mai jego ba. To, amma suna biyan kuɗin haya da na intanet da na man janareta ba tare da kuka ba. Me ya sa sai haƙƙin uwa ne kaɗai yake zama nauyi?

Mu san abin da doka ta tanada. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida tana aiki, da rabin sa'a sau biyu a rana domin shayarwa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da mako 16. Legas a 2014 da Kaduna a 2019 sun mayar da na ma'aikatansu wata shida. Ba kyauta aka ba mu ba. Da ƙungiya da gwagwarmaya aka samu.

Sai dai akwai rami. Ma'anar "ma'aikaci" a waccan doka ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, wato galibin guraben da 'ya'yanmu suke nema. Saboda haka babbar garkuwarsu ita ce takardar ɗaukar aiki. Wadda ta yi shiru ta sa hannu, ta bar makomarta a hannun mai kamfani, kuma alkawarin baka ba ya sayen magani ranar naƙuda.

Ga abin da ya kamata mu koya musu. Idan an tambaye ki yaushe za ki haihu, ki mayar da zance kan ƙwarewarki, domin wannan sirrin gidanki ne. Amma da zarar an yi miki tayin aiki, ki tambaya: mako nawa ne hutun haihuwa, nawa za a biya, kuma kujerata za ta jira ni? A rubuta, sannan ki sa hannu. Tun ran gini, tun ran zane.

Kamfanin da ya janye tayinsa saboda wannan tambaya ya nuna halinsa tun da wuri. Mu da muke karɓar yara a aji ɗaya mun fi kowa sanin bambancin yaron da ya samu kulawar uwa da wanda aka tauye. Kada mu koya wa 'ya'yanmu jin kunyar abin da ya kawo mu duniya.