Keken Mutum Ba Dakali Ba Ne

Na san wata za ta ga kan maganar nan ta yi dariya, ta ce yau kuma Malama ta rasa abin rubutu ne sai keke? Ki yi haƙuri ki bi ni a hankali, ni ma da haka nake ganin abin, har sai da ya faru a kan idona, kuma da laifina a ciki.

A Islamiyyar da nake koyarwa nan Hanwa akwai wani ɗalibina, yaro ɗan kimanin shekara sha biyu, mai natsuwa da ƙoƙarin hadda. Gidansu da ɗan nisa, don haka da keken mahaifinsa yake zuwa. Uban mai lambu ne a bakin Kubanni. Kullum da asuba yake ɗaure alayyafo da latas a bayan keken ya kai kasuwar Sabon Gari, idan ya dawo da azahar sai ya bar wa yaron ya zo makaranta. Keke ɗaya ne, amma shi ne abincin gidan, shi ne kuma karatun yaron.

Wata ranar Talata bayan la'asar muna cikin darasi, sai na hango ta taga wasu samari sun zo wucewa sun tsaya hira a inuwar da yara ke kafe kekunansu. Ɗaya ya haye sirdi, ɗaya ya ɗosana a kariya yana lilo da ƙafa yana danna waya. Na gan su sarai, amma na kau da kai na ci gaba da biya wa yara karatu, domin abu ne da ido ya saba gani. Ba a jima ba muka ji rigijib! Ƙafar da aka kafe keken da ita ta lanƙwashe, ya kife da su, tayar baya ta daki bakin kwata ta karkace, wayoyinta suka tsittsinke. Samarin suka tashi suna dariya, suka jingine shi da bango, suka kakkaɓe wando suka yi gaba.

Yaron nan haka ya ja keken har gida yana kuka. Uban bai tsaya jin ba'asi ba ya lakaɗa masa duka, a zatonsa tsere ya je yi da abokai. Kwana tara ba mu gan shi a aji ba. Da na aika, mahaifiyarsa ta zo da kanta, ta ce mini: "Malama, wallahi kwana uku sai Keke Napep Malam ya riƙa ɗauka zuwa kasuwa kafin a haɗa kuɗin gyara. Ganye kuwa ba ya jira, in ya kwana ya tashi daga aiki. Duk 'yar ribar a kuɗin mota ta tafi." Na rasa bakin magana. Ni ce shaidar da za ta wanke yaron tun ranar farko, ni ce kuma da na leƙa na ce "ku sauka" da duk wannan bai faru ba.

Bayan nan na tambayi wani mai gyaran keke a unguwarmu, ya yi mini bayanin da ban taɓa sani ba. Ya ce ƙafar nan an yi ta ne don ta riƙe nauyin keken kaɗai, ba nauyin ƙato ba. Idan keke na tafiya, tayoyi biyu ke raba nauyin mahayi, amma idan yana kafe aka zauna, nauyin kan ɗan ƙarfen nan yake tattaruwa, har ya saki ko ya murɗe wurin da aka ɗaure shi. Ɓarnar kuma ba lallai ta fito nan take ba. Mai zama ya tashi ya tafi yana ganin bai yi komai ba, sai bayan kwana biyu mai keke ya ga abinsa ya ƙi tsayuwa, ko birki ya saki saboda yara sun yi ta matsa shi, ko sarƙa ta zame saboda an yi ta juya feda baya-baya. Ranar da birkin zai ƙi kamawa a gangara, wanda ya yi wasa da shi yana gida yana barci.

Abin mamaki, ba wai ba mu san hawan keke yana da daraja ba ne. Duk wadda ta tashi a Zariya ta san keken haya. Yayyenmu maza kan tara 'yan kuɗinsu su kai wa mai haya, ya duba agogo ya ba su, in suka wuce lokaci su biya ƙari. Ke nan tun muna yara mun san amfanin keke abu ne da ake saye da kuɗi. To yaya aka yi idan an same shi a kafe sai ya zama na kowa?

Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba. Muna auna mutuncin kaya ne da mutuncin mai shi. Ki duba ƙofar masallaci ranar Juma'a, ko wurin ɗaurin aure. Motar Alhaji tana gefe, ko yaro ya matsa kusa da ita sai manya uku sun daka masa tsawa, wai kada ya karce fenti. Keken almajiri ko na mai gadi kuwa, wannan ya zauna, wancan ya rataya buta, wani ya kwance igiyar roba ya ɗaure nasa kayan. Alhali idan motar ta karce Alhaji ba zai fasa cin tuwon dare ba, mai keken kuwa yana iya fasawa.

Wannan raini ba tun asali yake ba. Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin da mai keke Raleigh yake abin kallo a gari, har kamfanin yana da masana'anta a Kano. Mutum zai wanke kekensa ya goge, ya naɗe ƙarfen da roba mai launi, ya shigar da shi har ɗaki. Wa ya isa ya taɓa? Da babura da motoci suka yawaita sai keke ya koma alamar rashi. A shekarar 2001 da Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya riƙa hawan keke a Abuja yana kiran jama'a su rungume shi, dariya aka yi ta yi masa. A ƙasar Holan kuwa, inda kekuna suka fi mutane yawa, Firaministansu Mark Rutte a kan keke ya bar ofis ranar da ya sauka daga mulki a 2024. Mu ma dai zamani ya juyo da mu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ki tsaya bakin titin Kwangila zuwa Samaru da safe ki gani: leburori, malaman makaranta, ƙananan ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello, mutanen Bomo da Basawa masu kawo kaya, da yawa sun kakkaɓo kekunan da suka jingine shekaru. Wanda kika gani a kan keke yau, lissafi ne ya hau da shi, kuma kayan gyaran ma sun yi tsada.

A wajen addini maganar a fili take. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ɗaukar kayan ɗan uwansa, da wasa ne ko da gaske, har ya ambaci sanda, ya yi umurni a mayar wa mai ita. Ki lura da kalmar wasa, domin ita ce mafakar kowa: "ai wasa nake yi", "ai ɗan zama kawai na yi". Idan sanda ta samu wannan kariya, ina ga abin da mutum ke neman abinci da shi? A littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan Zariya tun kaka da kakanni, babi guda ne ya haɗa hukuncin aro da ajiya da tsintuwa da ƙwace. Aro sai da iznin mai abu. Wanda ya yi amfani da kayan wani babu izni har ya lalace, biya ya hau kansa. Ko yaro ne ya yi ɓarnar, ƙuruciya na ɗauke masa zunubi, amma ba ta ɗauke biyan abin da ya lalata. Wannan ya kamata mu iyaye mata mu riƙe, mu da muke saurin cewa "ai yaro ne."

Wata za ta ce, to ai muna zama a dakalin maƙwabci ba mu nemi izni ba, muna fakewa a inuwar katangar mutane. Haka ne, kuma malamai ba su hana wannan ba, saboda dakali don zama aka gina shi, al'ada ta riga ta ba da izni, inuwar katanga kuma ba ta rage wa mai ita komai. Wanda ya kafe kekensa ya shiga salla bai ajiye wa kowa kujera ba.

Yanzu bari mu shigo cikin gida, inda abin ya fi shafar mu. Baƙo ya yi sallama da maigida, ya kafe keke a ƙofar zaure. Kafin a kai masa ruwa yaranki sun yanyame shi, wannan na kaɗa ƙararrawa, wancan na juya feda, ƙaramin na tura yatsa cikin sarƙa. Baƙon yana ji, ransa na ƙuna, amma kunya ta hana shi magana, sai dai ya ce "ƙyale su, ai yara ne." Kada ki ɗauki wannan a matsayin yarda, kara ce kawai yake yi wa maigidanki. Ga kuma haɗari: yatsan yaro tsakanin sarƙa da haƙoranta ba abin wasa ba ne, idan kuma babur ne da aka kashe yanzu, salansa na iya sale masa ƙafa. Ni abin da na koya wa nawa gajere ne, har ƙaramar ta haddace: ka kalla da ido, in kana so ka tambaya, in an ce a'a ka ce to. Ran nan babban ya dawo yana murna wai ya tambayi kawunsa ya bar shi ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Tambayar ba ta rage shi da komai ba.

Akwai lokacin da taɓawar ke zama dole. An tare miki ƙofar gida da keke, ko ya faɗi a hanya, ko hadari ya taso zai jiƙa kayan da ke ɗaure a baya. Nan ma da ladabinsa. A fara cigiyar mai shi. In ba a same shi ba a ɗaga a matsar kaɗan, inda zai hango abinsa da ya fito, kada a ja shi da makulli a taya, kada kuma a kai shi bayan gida mutum ya fito gabansa ya faɗi ya zaci an sace. Idan ya zo a gaya masa, "Malam, ni na matsar da shi saboda kaza."

Masu keke ma ina da magana da su, ku isar wa mazajenku da 'ya'yanku. Wanda ya tarar da wani a kan kekensa, haƙƙinsa ne ya ce a sauka, babu rowa a ciki, kada ya ji kunya. Amma ba da zagi ko mari ba, musamman ga ɗan maƙwabci, domin mun sha ganin inda marin yaro ɗaya ya raba gidaje biyu shekara da shekaru. Sallama da "ɗan'uwa, taimaka ka sauka, ƙafar ba ta da ƙarfi" sun wadatar. A kuma daina kafewa a bakin ƙofar mutane ko tsakiyar hanyar masallaci.

Na je gidan su yaron nan da kaina, na gaida mahaifiyarsa, aka yi mini iso wurin uban, na faɗa masa abin da idona ya gani, na kuma nemi gafararsa a kan shirun da na yi. Dattijon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya kira yaron ya dafa kansa. Samarin kuwa ɗaya na gane, ɗan unguwa ne. Da na tare shi sai ya ce, "Haba Malama, ai ba cinye shi muka yi ba." Ban ja da shi ba, na samu mahaifiyarsa muka yi magana ta fahimta, kuma Allah Ya saka mata da alheri, ta aika da rabin kuɗin gyaran. Ɗayan har yau ban san ko ɗan wane gida ba ne.

A makaranta yanzu mun ware gefe guda cikin harabar, yara na shigo da kekunansu, an kuma sa manyan ɗalibai biyu suna lura. Yaron ya dawo karatu, yana izu na biyar. Sai dai tayar bayan har yanzu tana ɗan rangaji in yana tafiya, mai gyara ya ce sai an sake ta gaba ɗaya, uban kuma ya ce sai bayan ya kwashe tumatir.