Manhaja ma tana bukatar kayenta

Duk malamin da ya riƙe aji ya san kayen kiran suna da kayen darasi, kuma ya san ba don ado ake cika su ba. Ranar da uba ya zo yana rantsuwa ɗansa bai taɓa fashin lakkwal ba, ko sufeto ya tambayi inda aka tsaya a lissafi, kaye ake buɗewa. Abin da ke ba ni mamaki, mu da muka san darajar wannan, in mun zo koya wa yara rubuta manhajar kwamfuta sai mu tsallake shi gaba ɗaya.

Manhaja ma tana iya riƙe rajistar abin da ta yi: ƙarfe nawa ta fara, me aka ba ta, ina ta yi tuntuɓe. A Python, yaren da masu koyo da yawa ke farawa da shi, kayan wannan aiki sunansu logging, suna cikinsa tun 2003, ba a sayen su, ba a kashe ko dala wajen sauko da su daga intanet. Amma abin da muke koya wa yara shi ne print, wanda ke nuna saƙo a fuskar kwamfuta kawai. Da an rufe taga, ko wuta ta ɗauke, saƙon ya bi iska.

Ga misalin da ya shafe mu. A ce wani saurayi ya rubuta wa wata lakkwal manhajar haɗa maki da fitar da sakamako. Mu da muka yi karatu da Faransanci, da waƙafi muke rubuta sha biyu da rabi: 12,5. Python kuwa ɗigo ya sani, 12.5, in aka ba shi mai waƙafi a ce ya mai da shi lamba sai ya ƙi. Saurayin ba ya son manhajarsa ta tsaya a gaban darakta, don haka ya rubuta cewa in an samu kuskure a sa sifili a wuce. Yarinyar da ta ci 12,5 ta koma gida da sifili a lissafi, wataƙila har ta sha faɗa. Uwarta ta zo, malami ya ce shi ya ba da makin daidai, sakatare ya ce shi ma ya shigar daidai, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Da akwai rajista, layi ɗaya ya kashe gardamar: rana kaza, ƙarfe kaza, aji kaza, an kasa karanta "12,5". Umarnin logging.exception har layin da kuskuren ya faru a cikin manhajar yake rubutawa.

Wani abin da nake so a ciki shi ne yana tilasta wa yaro ya auna nauyin magana. Matakai biyar ne: DEBUG, INFO, WARNING, ERROR, CRITICAL, daga ƙananan bayanai na mai gyara har zuwa gobara. In ba ka canza komai ba, daga WARNING zuwa sama kaɗai ke fitowa. Ɗalibin da ya tsaya ya tambayi kansa, shin makin da ya wuce 20 gargaɗi ne ko kuskure, ya fara tunani irin na mai sana'a.

Na san abin da abokan aiki za su ce: awoyi kaɗan ne, yara biyar kan kwamfuta ɗaya, bari su iya na farko tukuna. Ban yarda ba. Layi biyu ke buɗe rajistar, na uku ya fara rubutu a cikinta. Wanda ya shekara yana watsa print ko'ina, raba shi da shi sai an sha wuya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai a koya musu har da abin da ba a rubutawa. A 2018 kamfanin Twitter ya nemi masu amfani da shi sama da miliyan 300 su canza kalmar sirri, saboda ya gano tana shiga rajistarsa ta cikin gida a fili. Kalmar sirri, lambar wayar uba, rashin lafiyar yaro, duk ba su da wuri a nan. Lambar ɗalibi ta isa. Kayan rajistar su kansu suna son sabuntawa: a Disamba 2021 aka bayyana ɓaraka a Log4j, na yaren Java, wadda ke ba ɓarawo damar sarrafa kwamfuta daga nesa ta hanyar aiko da ɗan rubutun da za a shigar a rajista.

Ku kuma iyaye, ba sai kun iya Python ba. In lakkwal ta ce muku yanzu da kwamfuta take fitar da sakamako, ku tambayi darakta a taron iyaye: in an canza makin yaro, manhajar tana rubuta wanda ya canza da lokacin? Kuma wa ke riƙe da rajistar? In mai shigar da maki shi ne ke iya goge ta, ku nemi a riƙa ajiye kwafinta a hannun wani dabam, duk ƙarshen mako.